Yadda ake ɗaga Matomo zuwa sabuwar siga ba tare da alƙaluma sun zube ba

Manhajar ƙirga maziyarta ta sha bamban da sauran manhajojin da ke kan uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet, ta fuska ɗaya: abin da ya wuce ta ba ya dawowa. Shafinka zai iya faɗuwa na awa biyu, ka tashe shi, ka tarar da rubuce-rubucenka yadda ka bar su. Amma in mai ƙirgar ce ta tsaya na awa biyu, duk wanda ya shigo a wannan tsakanin ya shiga ya fita ba a rubuta shi ba, jadawalin ranar kuma zai zauna da giɓi.

Akwai matsala ta biyu da ta fi wannan ɓoyewa. Sabuwar siga takan zo da ɗan sauyi a yadda take ƙirga, sai layin jadawali ya hau ko ya sauka, mai shafi ya ɗauka masu karatu ne suka ƙaru ko suka gudu, alhali sikelin ne aka canza, kayan da ake aunawa suna nan yadda suke. Duk matakan da ke ƙasa waɗannan abubuwa biyu suke tsarewa: kada ƙirga ta yanke, kuma in alƙaluma sun motsa ka san abin da ya motsa su.

Da Matomo zan yi misali, wadda mutum ke ɗorawa a kan uwar garkensa da kansa. An fara ta a 2007 da sunan Piwik, aka sauya mata suna a watan Janairun 2018, shi ya sa har yau za ka ga tsofaffin shafuka suna kiran fayil ɗin ƙirga da tsohon sunansa, `piwik.js`, kuma yana amsawa. Siga ta 4 ta fito a Nuwamban 2020, ta 5 kuma a Disamban 2023. Wanda yake kan Matomo Cloud an ɗauke masa wannan aikin, kamfanin ne ke yi. Mai amfani da ita a cikin WordPress kuwa daga wurin da yake sabunta sauran kayan WordPress yake ɗaga ta, sai dai maganar kwafin ajiya da ta kwatanta alƙaluma ta shafe shi shi ma.

## Mataki na 1: san inda kake tsaye

Shiga da asusun babban mai kula, ka je sashen gudanarwa, ka buɗe shafin *System Check*. Rubuta sigar Matomo da kake kai, da ta PHP, harshen da aka rubuta ta da shi, da ta MySQL ko MariaDB, manhajar da ke riƙe rumbun bayananta. Siga ta 4 da ta 5 duk ba sa tashi a PHP da ke ƙasa da 7.2.5, kuma gaskiya wannan mafi ƙanƙanta ne kawai. In da hali ka kasance a kan PHP 8. Duk wani jan gargaɗi da ka gani a shafin nan, gyara shi yanzu. In ka shiga sabuwar siga da tsohuwar cuta, gobe ba za ka iya bambance wadda ka zo da ita da wadda ka tarar ba.

Wani abu da yakan rikita mutane: uwar garke ɗaya tana iya ɗauke da PHP iri biyu, ɗaya na shafin da burauza ke gani, ɗaya na layin umarni. Buga `php -v` a layin umarni ka kwatanta da abin da *System Check* ya nuna. In sun saɓa, nemo cikakkiyar hanyar wanda ya dace, da ita za ka riƙa kiran duk umarnin da za su biyo baya.

Kada ka ɗaga PHP da Matomo a rana ɗaya. Ɗaga PHP tukuna, ka bar shi ya kwana biyu, ka ga komai lafiya, sannan ka taɓa Matomo. Haka nan in tsakaninka da sabuwar siga akwai babban tsalle, misali kana kan ta 3, shawarata ka fara kaiwa ƙarshen sigar da kake kai kafin ka haura.

Daga nan sai manhajojin ƙari, waɗanda ka ɗora daga kasuwar Matomo ko wani ya rubuta maka. Daga cikin foldar Matomo buga:

```
php console plugin:list
```

Bi su ɗaya bayan ɗaya ka duba ko kowace tana da sigar da ta dace da inda za ka. Wannan ya fi muhimmanci a hawa zuwa ta 5, domin a nan ne aka cire AngularJS, kayan aikin da aka gina fuskar manhajar da su, gaba ɗaya aka koma wani mai suna Vue, kuma duk wata manhajar ƙari da aka gina a kan tsohon ba za ta yi aiki daidai ba sai an sake ta. Matomo takan kashe wadda ba ta dace ba da kanta yayin sabuntawa. Hakan ya fi ta rushe, amma in wadda aka kashe ɗin ita ke tattara wani bayani, to tattarawar ta tsaya shiru, ba wanda zai faɗa maka. Wadda mai ita ya daina kula da ita, yanke shawara tun yau: ko ka haƙura da ita, ko ka jinkirta hawan.

Abu na ƙarshe a wannan matakin, lissafa duk wani abu na waje da ke magana da Matomo ɗinka: allon rahoto da ke jawo alƙaluma ta API (ƙofar da wasu manhajoji ke bi su yi magana da Matomo), manhajar waya da ke aiko da ziyara, ƙananan jadawalan da aka liƙa a wasu shafuka, rahotannin da ke tafiya ta imel duk mako, da aikin `cron`, wanda uwar garke ke gudanarwa da kanta a kan lokaci don haɗa rahotanni. Su ne suka fi lalacewa ba a lura ba, saboda ba a cikin Matomo ake ganin lalacewarsu ba.

## Mataki na 2: ajiye alƙaluman da za ka yi kwatanci da su

Wannan matakin shi aka fi tsallakewa, kuma ba ya cin minti talatin. Zaɓi mako ɗaya cikakke da ya riga ya wuce, da wata ɗaya cikakke. Ga kowane ka fitar da rahoto zuwa fayil ɗin CSV: jimillar ziyara, maziyarta daban-daban, buɗe shafuka, yawan cikar burin da ka saita, shafuka goma da aka fi shiga, da hanyoyin da mutane ke biyowa su zo. In kana da wasu rukunonin maziyarta da ka ware kana bibiya, kamar masu shigowa ta waya kaɗai, haɗa da ɗaya ko biyu.

Amfaninsu biyu ne. Bayan hawa, waɗannan tsofaffin lokutan dole su nuna alƙaluman nan daidai, ba ƙari ba ragi, domin an riga an haɗa rahotonsu an ajiye. In sun canza, akwai abin da ya taɓu. Na biyu, su ne za ka ɗora sababbin makonni a kansu ka ga ko yanayin ziyara ya kauce.

## Mataki na 3: kwafin ajiya, kuma wanda aka gwada

Abu biyu ake kwafa, rumbun bayanai da fayiloli, kuma tare suke tafiya. Na rumbun:

```
mysqldump --single-transaction --quick --hex-blob -u SUNA -p RUMBU | gzip > matomo-kafin-hawa.sql.gz
```

`--single-transaction` yana ba ka hoton rumbun na lokaci guda ba tare da ya kulle teburori ba, muddin teburorin na InnoDB ne, wato nau'in teburin da MySQL ta saba amfani da shi. `--hex-blob` kuma saboda Matomo tana ajiye lambar shaidar maziyarci da dunƙulallun rahotanni a sigar da ba rubutu ba ce, kuma irin wannan bayanin ne ke saurin gurɓata a hanya.

Na fayiloli, naɗe foldar gaba ɗaya, kada ka tsaya zaɓe. Amma ka san waɗanda ba za ka same su a sabon ƙunshin da za ka sauko da shi ba. Na gaba-gaba shi ne `config/config.ini.php`, inda sunan rumbu da kalmar sirrinsa da duk saitinka suke. Sai foldar `misc`, wadda ke ɗauke da fayil ɗin gane ƙasa da garin maziyarci da tambarin da ka ɗora. Sai manhajojin ƙari da ke cikin `plugins`. In kana amfani da Tag Manager, sashen Matomo mai ɗora lambar ƙirga a shafi, akwai kuma fayilolin da sunansu ya fara da `container_` a cikin foldar `js`. Su ne shafinka ke kira kai tsaye, in suka ɓace ƙirga ta tsaya ko da komai na Matomo lafiya yake.

In ka taɓa gyara `config/global.ini.php` da hannu, ka sani sabuntawa za ta shafe gyaran. Kwashe abin da ka canza ka mayar cikin `config.ini.php`, can ne mazauninsa tun asali.

Fitar da kwafin daga kan uwar garken zuwa wani wuri daban. Batun ko yana aiki kuwa, mataki na gaba ne zai nuna.

## Mataki na 4: yi hawan sau ɗaya a kan kwafi

Buɗe sabon rumbu fanko, ka zuba kwafin a ciki, ka warware fayilolin a wata folda ko wata na'ura dabam. Da wannan ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ka tabbatar kwafin ajiyarka yana dawowa, ka kuma samu filin gwaji.

Kafin ka buɗe kwafin a burauza ko ka buga wani umarni, buɗe `config.ini.php` na kwafin ka gyara abu uku. A ƙarƙashin `[database]` canza `dbname`, da `host` in ya bambanta, su nuna sabon rumbun. Karanta layin nan sau biyu. Fayil ɗin da ka kwafo yana nuna rumbun gaske ne, in ka manta ka buga umarnin sabuntawa, to rumbun da ke aiki ka sabunta da rana tsaka alhali fayilolinsa na tsohuwar siga ne. A ƙarƙashin `[General]` kuma ƙara adireshin wurin gwajin a `trusted_hosts[]`, sannan ka sa `emails_enabled = 0`, don kada kwafin ya shiga aika wa mutane rahoton mako a karo na biyu.

Yanzu bi matakin sabuntawa da ke ƙasa a kan kwafin, da agogo a hannu. Abin da kake nema shi ne tsawon lokacin da gyaran rumbu zai ci. Teburorin da ke da nauyi su ne `log_visit` da `log_link_visit_action`, na farko layi ɗaya ga kowace ziyara, na biyu layi ɗaya ga kowane abin da maziyarci ya yi. A ƙaramin shafi gyaransu na daƙiƙoƙi ne. A shafin da ya tara shekaru da miliyoyin layuka yana iya cin awanni, kuma MySQL takan buƙaci fili a faifai da ya kai girman teburin da take gyarawa. Duba filin da ya rage da `df -h`. Faifai ya cika ana tsakiyar gyaran tebur yana daga cikin mafi munin abin da zai iya samunka a wannan aikin.

Lokacin da gwajin ya ci, ninka shi biyu, shi ne abin da za ka ware ranar aiki.

## Mataki na 5: ranar aiki

Matomo da kanta za ta gaya maka lokacin da ya dace. A sashen maziyarta akwai rahoton ziyara bisa awannin rana da ranakun mako. Zaɓi inda layin ya fi kwantawa. Ka guji jajibirin hutu, da ranar da ake tsammanin cunkoso, da ƙarshen wata in akwai masu jiran rahoto. Sanar da masu amfani da allon cewa zai rufe.

Akwai maɓallin sabuntawa na dannawa ɗaya a cikin Matomo, kuma ga ƙaramin shafi yana wadatarwa: ka ɗauki kwafin ajiya, ka danna, ka jira. Inda ba na son sa shi ne babban rumbu, saboda aikin yana bi ta burauza ne, burauza da PHP kuma kowanne yana da iyakar lokacin da zai jira. In wa'adin ya cika ana tsakiyar gyara, sai a bar ka da rumbu rabi sabo rabi tsoho. Ga babban shafi layin umarni ne hanya.

Fara da dakatar da `cron` ɗin da ke kiran `core:archive`. Sa alamar `#` a gaban layinsa, ka kuma duba babu wanda ke gudana a lokacin. Sannan ka ƙara waɗannan a `config.ini.php`:

```
[General]
maintenance_mode = 1

[Tracker]
record_statistics = 0
```

In sassan `[General]` da `[Tracker]` suna nan tuni, a ƙarƙashinsu za ka sa layukan, kada ka sake buɗe wasu. Na farko yana rufe allon rahoto, na biyu yana hana rubuta sababbin ziyara a rumbu. Rubuta awa da mintin da ka yi wannan, da agogon uwar garke ba na hannunka ba, za ka buƙace shi an jima. Ɗauki sabon kwafin rumbu a wannan lokacin, tunda na jiya ya riga ya tsufa.

Sauko da sabon ƙunshin daga shafin Matomo na asali, ka warware shi a gefe, ka kwafa abin da ke ciki a kan tsohuwar foldar. Ƙunshin ba ya ɗauke da `config.ini.php`, don haka naka ba zai taɓu ba. Mai turawa ta FTP ya saita manhajarsa a kan *binary*; in ta tura a matsayin rubutu takan sauya ƙarshen layuka, sai binciken ingancin fayiloli ya cika da ƙorafi. Bayan kwafa, mayar da mallakar fayilolin ga asusun da shafin ke gudana da shi, wanda a Debian da Ubuntu `www-data` ne, ka tabbata yana iya rubutu a foldar `tmp`.

Buɗe `tmux` ko `screen`, masu riƙe layin umarni a buɗe a kan uwar garke, kafin umarni na gaba, don in intanet ɗinka ya yanke aikin ya ci gaba a can. Sannan:

```
php console core:update
```

Ba ya fara gyara nan take. Yakan jero maka duk umarnin SQL da yake shirin gudanarwa, ya tambaye ka ko ya ci gaba. Duba jerin ka ga ya yi daidai da wanda ka gani a wurin gwaji, sannan ka amsa. Daga nan sai haƙuri. Zai iya yin shiru na dogon lokaci a kan layi ɗaya har ka ɗauka ya maƙale. Kada ka katse shi. In zuciyarka ta ƙi kwanciya, buɗe wata taga ka shiga MySQL ka buga `SHOW PROCESSLIST;`, za ka ga gyaran teburin yana nan yana tafiya da adadin daƙiƙoƙin da ya ci.

Da ya gama, sabunta manhajojin ƙari zuwa sigoginsu da suka dace, ka sake buga `core:update` saboda wasunsu suna da nasu gyaran rumbun. Sai ka share ma'ajiyar wucin gadi da `php console core:clear-caches`, ka sake tayar da PHP-FPM ko Apache, duk wanda ke gudanar da PHP a uwar garkenka, domin PHP yakan riƙe tsofaffin fayiloli a ƙwaƙwalwa ya ci gaba da aiki da su bayan an canza na kan faifai. Kurakurai masu ban mamaki da ake gani a mintunan farko, da yawansu daga nan suke.

Wanda ya taso daga siga ta 3 zai ga ana ba shi shawarar mayar da rumbu zuwa `utf8mb4`, wanda ke ba da damar ajiye imoji da wasu haruffa a sunayen shafuka. Umarninsa `core:convert-to-utf8mb4` ne. Abu ne mai kyau, amma shi ma yana sake gina manyan teburori, kuma ba dole ba ne yau. Ware masa rana tasa.

Yanzu cire layukan nan biyu da ka ƙara, ko ka mayar da `maintenance_mode` zuwa 0, `record_statistics` zuwa 1. Rubuta lokacin. Na biyun ne ake mantawa: allo ya buɗe, komai ya yi kyau, mutum ya tafi ya kwanta, alhali ba a rubuta ziyarar kowa.

## Mataki na 6: gani da ido

Kada ka yarda da cewa allo ya buɗe. Ɗauki wata burauza da ba ta da manhajar toshe talla, wadda kuma ba ka keɓe ta daga ƙirga ba, ka shiga shafinka na gaske. Danna F12, ka je ɓangaren *Network*, ka rubuta `matomo` a akwatin tacewa, ka sake loda shafin. Layi biyu kake son gani: `matomo.js` da lambar 200, sai `matomo.php` da 204 ko 200. Danna na biyun ka duba abin da ya aika. Za ka ga `idsite` da lambar shafinka, da `action_name` ɗauke da sunan shafin da kake kai. In 404 ka gani, fayil ya ɓace ko hanya ta canza. In 500 ne, je kundin kurakuran PHP. In 403 ne, ka zargi izinin fayiloli ko wata katangar tsaro.

Koma Matomo ka buɗe kundin ziyara. Cikin ɗan lokaci ya kamata ka ga kanka: ƙasar da kake, irin na'urarka, shafin da ka buɗe. In ziyarar ta fito amma ƙasa ta zama wadda ba a sani ba, fayil ɗin gane wuri ne bai dawo ba ko saitinsa ya kauce. Ci gaba ka aikata abin da ka saita a matsayin buri, ka cike fom ɗin, ka sauko da fayil ɗin, ka yi bincike a akwatin nema, ka ga kowanne ya bayyana.

Wasu manhajojin ƙari suna cusa nasu rubutun a cikin `matomo.js`, sabon ƙunshi kuma ya zo da nasa fayil ɗin tsura. Matomo takan sake haɗa shi da kanta in tana da izinin rubutu. In ba ka ga alamar hakan ba, buga `php console custom-matomo-js:update`. Kuma in akwai CDN a gabanka, wato sabis ɗin da ke riƙe kwafin fayilolinka yana miƙa wa maziyarta, share abin da ya riƙe.

Sai `php console diagnostics:run`. Zai iya nuna maka jerin tsofaffin fayilolin da sabuwar siga ba ta buƙata. Karanta jerin kafin ka goge, kada naka ya shiga ciki. Mayar da `cron`, amma ka fara gudanar da `core:archive` sau ɗaya da hannu kana kallo har ya ƙare ba kuskure.

Ɗauko fayilolin CSV na mataki na 2 ka kwatanta. Sannan ka bi jerin abubuwan waje da ka rubuta. A nan mabuɗan shiga API ne suka fi kawo cikas. Tun daga siga ta 4 sau ɗaya ake nuna maka mabuɗi, lokacin da ka ƙirƙire shi, ba kuma za ka sake ganinsa ba. A ta 5 kuma sabon mabuɗi yakan zo da sharaɗin kada a karɓe shi in an liƙa shi a jikin adireshi, sai ta hanyar POST, wato a cikin jikin saƙo. Tsohon allon da ya saba liƙa `token_auth` a adireshi zai ƙi aiki da irin wannan mabuɗin. Gyara allon ya fi cire sharaɗin, tunda duk abin da ke jikin adireshi yana zama a kundin uwar garke kowa mai iko da kundin ya gani.

## Mataki na 7: cike giɓin

A lokacin da ka rufe ƙirga, burauzar maziyarta ba ta daina aiko da saƙo ba. Matomo ce ba ta rubuta ba. Apache ko Nginx kuwa sun rubuta kowane kira a kundin shige da fice. Matomo tana da ɗan shirin da ke karanta kundin ya maido da ziyarar:

```
python3 misc/log-analytics/import_logs.py --url=ADIRESHIN-MATOMO --replay-tracking gibi.log
```

Ga amfanin lokuta biyun da ka rubuta. Yanko layukan da ke tsakaninsu kaɗai ka zuba a `gibi.log`. In ka ba shi kundin yini guda, duk ziyarar da aka riga aka ƙirga za a sake ƙirga ta, ranar ta kumbura. Ka kuma sani ba komai ke dawowa ba, domin kundin adireshi kawai yake riƙewa, abin da aka aiko a cikin jikin saƙo ya wuce. Gwada a kwafin gwaji tukuna. In giɓin na minti biyar ne a tsakar dare, ni dai ba na ganin ya kai a wahala. A sa masa alama a wuce. Babban shafin da ba ya jure ko da ɗan giɓi sai ya duba QueuedTracking, manhajar ƙari da ke tara saƙonni a layi har a gama aiki.

Bayan maidowa, sa a sake haɗa rahoton wannan ranar da `core:invalidate-report-data`, kana ba shi kwanan watan ranar kaɗai. Hattara da wannan umarnin. In ka saita Matomo tana goge ɗanyen bayanan ziyara bayan wasu watanni, tsofaffin rahotanninka ba su da abin da za a sake gina su da shi. Kada sha'awar ganin komai ya bi sabon lissafi ta sa ka ba shi shekarun baya.

## In abu ya ƙi

Ba a komawa baya da fayiloli kaɗai. Rumbun yana riƙe da lambar sigarsa a teburin `option`, a layin `version_core`, kuma tsarin teburorinsa ya riga ya canza. Komawa na nufin mayar da tsohuwar foldar da kwafin rumbun da ka ɗauka bayan rufe ƙirga, su biyun tare, sannan a cike giɓin daga kundi. Tun kafin ka fara ka yanka wa kanka wa'adi, ka ce in ƙarfe kaza ta yi ban ga ziyara tana shiga ba zan koma. Mutumin da ya gaji da tsakar dare ba ya yanke irin wannan shawarar da kyau.

## Makonni biyun da ke biye

Matomo tana ba da damar liƙa ɗan bayani a kan jadawali a wata rana. Liƙa shi a ranar hawa: daga siga kaza zuwa kaza, an rufe ƙirga daga ƙarfe kaza zuwa kaza, an kashe manhajar ƙari kaza. Bayan shekara guda wanda zai kalli jadawalin ba lallai kai ba ne.

Ka sa ran ɗan motsi. Kowace siga tana zuwa da sabon jerin na'urori da burauzoji, da na injunan bincike da shafukan sada zumunta, da na butum-butumin da ke yawo a intanet suna kama da mutane. Butum-butumin da jiya ake ƙirga shi a matsayin maziyarci yau an gane shi an cire, sai ziyara ta ɗan ragu. Shafin da jiya yake cikin sauran shafuka yau an mayar da shi rukunin sada zumunta, sai wani rukuni ya hau wani ya sauka, jimilla kuwa ba ta motsa ba. Kwatanta Talata da Talata, Asabar da Asabar. Sauyin da ya faru dare ɗaya daidai ranar hawa, ya kuma tsaya a sabon matsayi, na manhaja ne. Wanda ya tsaya a kan nau'in na'ura ɗaya ko sashe ɗaya na shafi, kamar masu waya su ɓace baki ɗaya, wannan lalacewa ce, a koma mataki na 6.

Masu Google Analytics sun ga babban nau'in wannan. Da Google ta tsayar da Universal Analytics a ranar 1 ga Yulin 2023 ta mayar da kowa sabuwar sigarta, GA4, tarihin bai biyo su ba, kuma daga Yulin 2024 tsofaffin bayanan suka tafi ga wanda bai fitar da nasa ba. Ma'anar kalmomin ma ta canza. A tsohuwar, wanda ya buɗe shafi ɗaya ya fita ba tare da ya taɓa komai ba an ɗauke shi ya yi tsalle ya fice, ko da ya yi minti goma yana karatu. A GA4 kuwa ziyarar da ta wuce daƙiƙa 10 ba a lissafa ta cikin masu ficewa. Shafuka da yawa suka ga adadin masu ficewa ya faɗi warwas ba tare da sun gyara ko harafi ɗaya ba. Duk inda ƙaura ta kai wannan girman, inda sabuwar manhaja ba ta gaji rumbun tsohuwar ba, hanyar ita ce a ɗora su biyun a shafi suna ƙirga tare na wata ɗaya ko fiye, a san tazarar da ke tsakaninsu, a fitar da tarihin tsohuwar zuwa fayiloli, sannan a cire ta.

In makonni biyu suka cika alƙaluma sun daidaita, rahotannin imel sun iso a kan lokaci, `cron` yana ƙarewa ba kuskure, sai a share fage. Rushe wurin gwajin, ka goge rumbunsa, domin yana ɗauke da bayanan mutane na gaske kuma ba wanda zai riƙa sabunta shi. Kwafin ajiyar kafin hawa ka riƙe shi gwargwadon wa'adin da ka ɗauka wa maziyarta alkawari a shafin sirrinka, a wurin da ba a isa gare shi ta burauza, in wa'adin ya cika shi ma ka goge.